Yadda Za Ka Sayar da Kifin Katako Har Ka Rasa Kujerarka a Kwale-kwale

Idan kana cikin mutanen nan da ke shigewa rumfar da ke bayan gidansu su fere guntun katako, su shafe shi da fenti, su rataya masa ƙugiya don su yaudari babban kifin nan baramandi, to matso kusa. Na san abin da ke damunka. Watanni ke nan kana juya tambaya ɗaya a ranka: in fara sayarwa ne, ko in bar shi a abin sha'awa? Daina wahalar da kanka. Ka bi matakan nan tara ɗaya bayan ɗaya, ni Clarrie Fong na ba ka tabbacin kafin rani ya ƙare za ka zama ɗan kasuwa mai kati da sunansa a jiki, hannunka zai daina ƙarnin kifi, kuma babu mai sake tashinka da waya da asubahin Asabar. Ba ji na yi a bakin wani ba. Ni na gwada da kaina a nan Darwin, kuma duka ukun sun tabbata.

Mataki na 1: Ka nemo mai zuga ka

Sharaɗin shi ne ya zama mutumin da bai taɓa jefa fatsa a ruwa ba. Nawa wani maƙwabci ne da ya shigo aron tsani, ya ɗaga kifin katakona guda ya juya shi, ya ce, "Clarrie, kai fa a kan kuɗi kake zaune ba ka sani ba." Ka riƙe irin wannan maganar da hannu biyu. Ka yi ta maimaita ta a ranka kana aski.

Abin da za ka guje wa shi ne tambayar wanda yake amfani da kayan naka. Kowa yana da irin wannan abokin. Nawa sunansa Manoli, kai sai ka sa sunan naka. Shi ne mai kwale-kwale, wani tsohon gwangwani da injinsa ke tari kafin ya tashi. Ni ban taɓa mallakar ko filafili ba. Shekara goma sha tara, duk Asabar, ina kujerar gaba yana wajen inji. Ban taɓa ba shi kuɗin mai ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Idan kifin katakonsa ya maƙale a itace ya tsinke, sai ya miƙo hannu baya ko waiwaye ba ya yi, ni kuma in ɗora masa wani. Ba mu taɓa zama mun ƙulla wannan ba. Haka kawai muka tsinci kanmu a ciki.

Kuma cikin shekarun nan bai taɓa yabon aikina ba. Gurgu yake kiran kifayena, don duk wanda na fera, in an ja shi cikin ruwa sai ya riƙa ɗingishi yana karkata hagu. "Miƙo min Gurgu," in ji shi, "Allah ya sa wannan ya fi ubansa tafiya daidai." Mutum irin wannan bai san darajar kaya ba. Ka cire shi daga lissafi tun yanzu.

Mataki na 2: Ka raɗa wa sana'ar suna

Kada ka bari a ji kalmar Gurgu a bakinka. Ni "Gwanin Kogi" na sa, na buga kati ɗari biyar, da hoton baramandi ya wage baki. Ka ajiye guda a gefen farantin matarka lokacin karin kumallo, ka yi kamar faɗuwa ya yi.

Tawa, Noeleen, ta ɗauka ta karanta gaba da baya.

"Gwanin Kogi," ta ce. "Wane ne shi? Na san shi?"

"Ni ne mana."

"Au. To ka faɗa wa gwanin ya kwashe kifayensa daga bahon wanka, yau kwana uku ina wanka a tsaye kamar zalɓe. Kuma jan farcena da ya ɓata, na gan shi a kumatun ɗaya daga cikinsu."

Kada wannan ya karya maka gwiwa. Duk wani babban ɗan kasuwa da ka ji ana faɗa, ka bincika, za ka tarar an taɓa korar sa daga banɗaki.

Mataki na 3: Ka yanka farashi

Kada ka lissafa awannin da kake ɓatawa a kan guda ɗaya, don in ka lissafa za ka gane mai wankin kwanuka ya fi ka samu. Ka dubi sama kawai, ka faɗi lambar da ta yi maka daɗi a baki. Ni dala arba'in da biyar ta zo min.

Mataki na 4: Ka gyara aibin kayanka

A nan ne ake bambanta ɗan kasuwa da mai wasa. A kasuwa za ka ajiye akwatin gilas cike da ruwa, ka riƙa jan kifin a ciki mutane suna kallo. To wa zai ba da kuɗinsa a kan abin da ke tafiya kamar ya taka ƙaya?

Saboda haka ka daina fera da ido. Ka yanko ma'auni na kwali, ka auna ciki, ka auna baya, ka daidaita leɓen ƙarfen nan na gaba da ke sa shi nutso, ka sa filaya ka miƙe wayar hancinsa. Ni sati uku na yi a kan haka. Ranar da na ja na farko a baho ya tafi ɗoɗar kamar sojan fareti, sai da na kira Noeleen ta gani.

Ta tsaya a bakin ƙofa da tawul a kafaɗa, ta ce, "Ya yi kyau. Amma ba naka ba ne."

"Ban gane ba."

"Ni ma ban gane ba. Kawai dai ba naka ba ne. Zare min toshiyar bahon."

Idan wani tunani ya zo maka cewa baramandi malalacin kifi ne, yana laɓewa ne a gindin itace yana jiran ɗan kifin da ya ji ciwo, wanda ba ya iya tafiya daidai, ka kore shi. Wannan tunanin masunta ne, kai kuwa ka wuce nan. Ka fera guda tamanin, duk kai ɗaya, ka jera su a kwali.

Mataki na 5: Ka kama tebur a kasuwar Asabar

Za ka lura cewa kasuwar Asabar ran Asabar take ci. Ni sai da na biya kuɗin tebur na lura. Ka ɗaga waya ka kira abokinka, ka yi magana da muryar mutumin da abubuwa suka yi wa yawa.

"Manoli, gobe fa ba zan samu zuwa ba."

"Waye ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Kasuwa zan je."

"Noeleen ce ta aike ka sayen gwanda?"

"Sayarwa zan je yi. Kifayena."

Can ya ce, "Gurgu za ka sayar? Wa mutane? Masu ido?" Ya yi dariya har da tari irin na injinsa. "To sai wani satin, attajiri. Ni zan ci burodinka da ƙwai."

A kasuwa ka tsaya kusa da mai sayar da miyar taliyar nan laksa, don duk wanda ke layin miya dole ya dubi teburinka ko ba ya so. Ka jira mutanen kudu, waɗanda sanyi ya koro, masu jan wuya da sabuwar hula. Nawa babban kamun wani ne mai suna Gavin Strudwick. Ya ɗauki shida bai nemi ragi ba, ya ce in sa hannu a cikin kowanne.

Da daɗi ya kama ni, sai na ce, "In za ka jefa, ka nemi bakin rafi lokacin da ruwa ke janyewa."

Ya dube ni kamar na ce ya jefa jikansa. "Ruwa? Haba, malam. Ai fentin zai lalace. Ina da kabad na gilas a falo, guda ɗari uku ne a ciki, babu wanda ya taɓa jiƙewa."

A nan za ka ji wani abu ya tsaya maka a maƙogwaro. Ba komai ba ne, barkonon laksa ne. Ka naɗe masa kayansa ka yi godiya.

Mataki na 6: Kada ka nuna bambanci tsakanin masu saye

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, ka karanta shi sau biyu.

A Asabar ta uku abokinka zai zo. Dole ya zo, don kifayen da ka ba shi sun ƙare a itatuwan kogi. Manoli ya iso wajen sha ɗaya, laka har gwiwa, hular nan tasa mai ramin da ƙugiyata ta yi mata shekara tara da suka wuce. Akwai mata biyu da wani mutum a gaban teburin suna kallo. Bai gaishe ni ba, dama ba ma gaisawa. Ya sa hannu ya ɗauki biyu, ya zura a aljihun riga, ya ce, "Kadan nan mai ƙaton kai ya dawo gindin itacenmu. Ya tambaye ka."

Ya juya zai tafi.

To ga inda za ka nuna kai ɗan kasuwa ne. Mutane suna kallo. In suka ga wani ya ɗauka kyauta, me za su ce? Ka gyara murya, ka yi ɗan murmushi don abin ya yi kama da wasa, amma ka faɗa. Ni na faɗa.

"Casa'in ke nan, mutumina."

Ya tsaya. Ya juyo a hankali. Ina jiran zagi, don da ya zage ni da shi ke nan an wuce wurin. Da ya ce min marowaci, ko ɗan rainin hankali, da na ce wasa nake yi, mu yi dariya. Amma bai zage ni ba. Ya ciro walat, ya zaro kuɗin ya ajiye a kan tebur, ya danne da kwalbar fenti kada iska ta ɗauka.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "a ba ni rasit."

Shekara goma sha tara bai taɓa kirana da abin da ya wuce "kai tsoho" ba. Na rubuta masa rasit. Ya ninke shi biyu, ya ce ya gode, ya tafi.

Ka taya kanka murna. Ka yi ciniki ba ragi.

Mataki na 7: Ka more nasararka

Yanzu wayarka ta huta. Asabar ta zo ta wuce ba wanda ya tashe ka yana cewa ruwa ba ya jiran malalaci. Hannunka sai ƙamshin sabulu.

Idan ka ji ƙafarka tana ƙaiƙayi, ba laifi ka kira shi ran Laraba, ka yi kamar babu abin da ya faru. Ni na kira.

"Na ce ko ran Lahadi za mu leƙa kogi?"

"Ni ran Asabar nake zuwa."

"To ko Asabar ɗin. Sai in rufe tebur sati ɗaya."

"Ayya. Kujerar gaba akwai mai ita yanzu."

Na fara lissafa mutanen da zai iya ɗauka. "Waye?"

"Kular ƙanƙara. A nan nake ɗora ta. Ba ta surutu, ba ta taka min igiya, kuma tun da muke tare ba ta taɓa cewa in biya ta ba."

Ya kashe wayar.

Ka gaya wa kanka cewa dama kujerar nan tana sa maka ciwon baya. Gaskiya ne kuwa, allo ne kawai da tsohon matashi a kai. Ka gaya wa kanka sauro da ƙudan bakin kogi sun sha jininka ya isa. Ni duk na gaya wa kaina, ina zaune a rumfa da kifaye sittin da ɗaya a gabana, kowanne yana kallona da ido iri ɗaya. Ba zan ɓoye maka ba, na yi kewar mutumin nan. Na yi kewar zaginsa, da shayinsa mai ɗaci, da yadda yake kashe inji in mun iso lanƙwasar kogi mu yi awa guda ba wanda ya ce uffan. Kuma a karo na farko na shiga rumfa na ɗauki wuƙa na ajiye, don ban san wa zan fera wa ba.

Mataki na 8: Kada ka ba da haƙuri

Mu nan ba ma yi. Namiji yana iya tuƙa mota awa shida ya je ya jawo abokinsa daga laka, amma ya buɗe baki ya ce "na yi kuskure", wannan sai dai a asibiti, shi ma in likita ya fita. Ka daure. Ni na daure sati biyar.

Haɗarin da ke cikin wannan matakin shi ne mata suna magana da juna. Wata ranar Alhamis Noeleen ta dawo daga cefane, ta dire jaka a kan tebur, ta ce ta haɗu da Kalliope, matar Manoli.

"Ban tambaye ki ba," na ce.

"Ni ma ba kai nake faɗa wa ba, da firji nake magana. Sati biyar Manoli bai kawo kifi gida ba. Ko na rantsuwa. Kifayen nan biyu da ya saya da kuɗinsa, ya ja su sama ya ja su ƙasa, baramandi ko kallo."

"Sai ya saya a kanti mana. Ga su nan na roba burjik."

"Ba zai saya ba, ka fi kowa sani. Ka san me yake yi? Kullum da yamma yana can bayan gidansu da filaya da bokiti, yana lanƙwasa musu hanci, wai so yake su yi ɗingishi. Ya lanƙwasa dama, ya lanƙwasa hagu. Ɗaya yanzu juyi yake kamar farfela, ɗayan ya kife ciki sama. Kalliope ta ce jiya ta ji shi yana yi wa bokiti faɗa, yana cewa, 'Yaya tsohon nan yake yi ne?'"



Ta ce, "Clarrie, tsofaffi biyu, jimillar shekarunku ta haura ɗari da talatin. Kai ba ka da kwale-kwale, shi ba shi da Gurgu. Ni dai ban ga wanda ya ci riba ba sai baramandi."

Idan matarka ta yi maka irin wannan, ka tashi ka bar wurin. Kada dai ka nufi rumfa.

Mataki na 9: Abin da ba za ka taɓa yi ba

Na kawo wannan ne don gargaɗi kawai, saboda shi ne yake rusa duk abin da ka gina.

Kada ka jefar da ma'aunin kwalin nan a shara. Kada ka jawo ƙafar tsohon gadon da ka ɓoye a bayan rumfa, ka fere ta da ido yadda hannunka ya saba, kana karkata wuƙa yadda ka yi shekara goma sha tara kana karkata ta ba ka sani ba. Kada ka saci jan farce. Kada ka cika baho ka ja shi, ka ga ya yi taku biyu ya karkata hagu kamar mai ciwon ƙugu, har idonka ya ciko.

In kuwa tsautsayi ya sa ka yi duk wannan, to ran Asabar kada ka je gangaren da ake saukar da kwale-kwale. Ni na je. Gari ya fara wayewa, na tarar da Manoli yana baya-baya da motar da ke jan kwale-kwalen shi kaɗai. Aikin mutum biyu ne, ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da igiya kada kwale-kwalen ya tafi da ruwa. Shi kuwa ya ɗaura igiyar a jikin mota, yana fita yana shiga yana gunaguni. Na kwance igiyar na riƙe.

Ya hango ni ta madubi. Ya saukar, ya je ya ajiye motar, ya dawo yana tafiya a hankali kamar ba shi da wurin zuwa.

"Yau ba kasuwa?"

"Akwai."

"To attajiri me yake nema a cikin laka?"

Na ciro kifin daga aljihu na jefa cikin akwatin kayansa. Ya ɗauka, ya ɗaga shi sama, ya kanne ido ɗaya ya dubi hancinsa. Ya daɗe yana dubawa.

"Wannan ai ya fi na da muni," ya ce. "Nawa?"

Nan ne wurin da za a ba da haƙuri in da ana bayarwa. Na ce, "Ba na sayarwa ba ne. Lalatacce ne. Kamfani ba ya sayar da kayan da suka lalace, zubarwa ake yi."

"Kuma a akwatina kamfani yake zubar da shara?"

"Shi ne mafi kusa."

"Suna lalacewa da yawa?"

"Kusan duk sati."

Ya gyaɗa kai. Ya shiga kwale-kwalen, ya tsaya a gaban kular yana kallonta kamar zai nemi izininta. Sannan ya sunkuya ya ɗauke ta daga kujerar gaba ya dire a tsakiya.

"Dama tana ƙorafin rana," ya ce. "Shigo, kai tsoho, kana ɓata min ruwa."

A lanƙwasar kogi ya kashe inji. Jifa ta huɗu, Gurgu ya yi ɗingishinsa ya karkata ya shige gindin itace, ruwa ya fashe, sandar Manoli ta lanƙwashe. Baramandin ya yi tsalle sau ɗaya muka ga faɗinsa, ya koma cikin rassa, igiya ta tsinke. Aikin kwana biyu ya tafi cikin minti ɗaya. Manoli ya zagi kifin, ya zagi itacen, ya zagi wanda ya fera abin. Sannan, ko waiwaye bai yi ba, ya miƙo hannu baya.

Na zo da uku. Na ɗora masa na biyu.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin duk abin da ya same ka. In ka bi matakan ka yi kuɗi, ba da yawuna ba. In ka rasa aboki, na faɗa tun a kanu, kai ne ba ka karanta ba. Masu neman Gwanin Kogi su tuntuɓi Noeleen, ita ta karɓe teburin, ta ƙara farashi, tana gaya wa mutanen kudu cewa mai ferawar ya daina yin irinsu, kuma ba ƙarya ta yi ba. Dala casa'in ɗin Manoli ya ƙi karɓa. Rasit ɗin ma ya manna shi a cikin murfin akwatinsa, duk lokacin da na cika surutu sai ya buɗe murfin a hankali ya juyo min da shi, in yi tsit. Duk mai ƙorafi ya kawo shi ranar aiki. Ran Asabar kada a neme ni, ina kujerar gaba, bayana yana ciwo.